Tsuntsun Cikon Ɗari

Shekarar da Amiru ya dawo Gangara daga Jos, abu uku ya zo da su: malafa mai faɗin faifai, madubin hangen nesa wanda ido ɗaya ne kawai ke da gilashi, da kuma baki. Bakin dai da shi ya tafi, amma a can ya ƙara tsawo.

Shekara shida ya yi yana gadi a gidan wani Bature wanda ba shi da aiki sai bin tsuntsaye a kan keke yana rubuta sunayensu. Iyakar abin da ya haɗa Amiru da wannan aiki shi ne buɗe ƙofa in Bature zai fita, da rufe ta in ya dawo. Amma da labarin ya iso majalisar Jabir mai faci, a gindin dogon yaro, sai ya zama Baturen ne ke bin Amiru a baya yana roƙon a ƙara masa sani.

"Ku nan ba ku san darajar tsuntsu ba," in ji Amiru. "In kun gan shi, ko ku jehe shi ko ku gasa shi. Can kuwa mutum shina hawan keke tun hwarkon shekara, duk irin tsuntsun da yag gani shi rubuta. Wanda yah hi kowa yawa, duniya ta san da shi."

Jabir taubashinsa ne, don haka yana da lasisin faɗa masa duk abin da ya ga dama. Bai ko ɗago daga tayar da yake shafa wa gam ba, ya ce, "In ta san da shi, sai mi?"

"Sai a riƙa ce mai Dakta."

"To sannu, Dakta. Ɗan matsa, ka take mini hwamho."

Daga ran nan sunan ya zauna. Kowa da dariya yake kiransa, shi kuwa da gaske yake amsawa.

Saura keke. Keke ɗaya ne a gidansu, na marigayi babansu, baƙi, mai ƙararrawa da kariyar ɗaukar kaya mai ƙarfi. Yana hannun wansa Wakili, kuma da shi ake kai taki gona duk bazara. Wakili mutum ne mai auna magana kafin ya sake ta. Ya saurari ƙanensa har ya gaji don kansa, sannan ya ce:

"Bazara ta shigo, taki na jibge shina jiran gona, kai kuma kana son keken Baba ka bi tsuntsu."

"Yaya, kahin ruwan hwari shi sauka za ni rubuta tsuntsu iri ɗari. In ban yi ba, a canza mini suna."

"An riga an canza. Ni ba ni caca, amma ga sharaɗi, jama'a su shaida. In ka cika ɗari kahin ruwan hwari, keke ya zama naka, na yahe maka rabona. In ba ka cika ba, ka maido shi. Kuma rabonka na taki za ni bari inda yake, kanka za shi kai shi gona, da rana tsaka, ta gaban majalisar ga."

Amiru ya yi wata irin dariya ta tausayi, ya miƙa hannu. Aka shafa fatiha.

Washegari da sassafe yana zaune a tsakar gida da sabon littafi da biro, matarsa Tani tana surfe. Tani ɗiyar maharbi ce. Ubanta, Baba Talha, ya ajiye farauta shekaru saboda ciwon gwiwa, amma ta taso tana sanin kowane tsuntsu kamar maƙwabcinta. Ta tsayar da taɓarya ta kasa kunne.

"Malam, rubuta ragon maza. Ga kukanai can bayan darni."

Amiru ya dube ta ta ƙarƙashin malafa. "Tani, ilimi ba a yin shi da kunne. Ido shi ne shaida. Abin da ido bai gani ba, ba a rubuta shi, ko da sallama yay yi."

Maganar ta yi masa daɗi a baki, har ya kai ta majalisa ya maimaita sau uku. Jabir ya ɗauki gawayi ya rubuta ta a jikin bangon shagonsa, ya ce don kada irin wannan hikima ta salwanta.

Ranar farko Dakta ya dawo da tsuntsu goma sha huɗu. Wakili ya karɓi littafin yana karantawa a bainar jama'a.

"Na ɗaya, zakara. Na biyu, kaza. Na ukku, ɗan tsako." Ya ɗago. "Amiru, wanga ai gida guda ne."

"Kamanninsu ɗaya?"

"Ni da kai ma ba kamanninmu ɗaya ba, alhamdu lillahi." Ya soke biyu. "Na tara, jemage?"

"Ba shi tashi?"

"Jirgin Makka ma shina tashi," in ji Jabir. "Sa shi na goma."

Da aka gama tankaɗe, tsuntsu shida suka rage, huɗu daga cikinsu kuma a tsakar gidan Tani suke kwana.

Amiru ya ce tsuntsayen Gangara jahilai ne, ba su saba da masana ba. Ya ɗaura gorar ruwa a kariya ya nufi Turba. Can ya tarar da garken shanu suna kiwo a wata gona da aka girbe, ga carki ya lafe a tozon wani bajimi yana cirar kaska. Wani dattijon Bafillace da ke jingine da sanda ya ce masa, "Malam, kada ka matsa. Wanga sa ba ya son baƙo."

"Baffa, ni na yi aiki da Turawa," in ji Amiru, ya kafa madubi a ido ya ci gaba da matsawa.

San bai taɓa jin labarin Turawa ba. Abin da Amiru ya fara lura da shi shi ne carkin yana ƙara girma a cikin madubi, har ya yaba wa na'urar a ransa. Da ya sauke ta, sai ya ga ashe ba na'ura ba ce. Ya zubar da keke ya runtuma, ya haye wata aduwa ba tare da ya tambayi ƙayarta izini ba. Tun hantsi yake bisa har aka yi azahar, san yana gindi yana tuƙa, carkin kuma yana bisa tozo yana kallonsa. Dattijon ya yi sallarsa a natse, ya shafa addu'a, sannan ya zo ya kora san.

"Ka gan shi da kyau?" ya tambaya.

"Dama haka aka nazarinai," in ji Amiru, yana zare ƙaya daga inda ba a faɗa. "Daga sama."

A ƙasa ya dawo Gangara yana tura keke, ƙafar gaba ta lanƙwashe kamar an murɗe faranti. Jabir ya kwana biyu yana gyara, yana ba duk mai wucewa labarin yadda sa ya rubuta Dakta a littafinsa.

Sati bai cika ba ya kama hanyar garin Isa. Yana laɓe a bayan wata sabara, madubi a ido, littafi a cinya, sai ya ji an dafa shi. 'Yan sintiri ne su huɗu. A wannan zamani, mutum ya laɓe a bakin daji yana leƙe yana rubutu, ai ba sai an tambayi dalilin dafa shi ba.

"Mi kaka rubutawa? Wa ya aiko ka?"

"Tsuntsaye nika ƙirga."

"Naka ne sunka ɓace?"

Ya yi bayanin Jos, ya yi bayanin Bature, ya yi bayanin yadda duniya za ta san da shi. Babbansu ya jujjuya littafin, ya ce in dai da gaske masanin tsuntsu ne, to duk sunan da aka kira ya yi kukansa. Aka tsugunar da Dakta a bakin hanya, ranar kasuwa, masu babura da masu jakai suna tsayawa kallo.

"Kurciya!" Ya yi. "Hankaka!" Ya yi. "Zabo!" Ya yi har da gudu-gudu. "Ungulu!"

Amiru ya ce, "Ranka shi daɗe, ungulu ba ta kuka."

"To yi tahiyarta."

Ya buɗe hannuwa, ya duƙar da wuya, ya yi ta ɗingishi yana tsalle a kan kwalta. Wata tsohuwa mai tallan daddawa ta ce wallahi ta san shi, ƙanen Wakili ne na Gangara, ba mugu ba ne, lalura ce. A kan wannan shaida aka sake shi. Kafin ya iso gida labarin ya riga shi, a bakin 'yan kabu-kabu.

"Gayyata ta sunka yi in yi musu lacca," ya gaya wa majalisa.

"Mun ji," in ji Jabir. "An ce wurin ungulu ne kah hi ƙwarewa."

Sai kuma ranar da ya hau kuka neman mujiya a kogo, ya dafa amyar mutane. Zuma ta yi masa tarba ta girma. Idonsa na dama ya kumbura ya rufe ruf, ga shi kuwa gefen dama ne madubin ke da gilashi. Kwana uku yana kwance yana kukan an yi masa asiri don a hana shi cika ɗari. A rana ta huɗu Tani ta ɗauki madubin, ta kifa shi, gilashin ya koma hagu, ta miƙa masa.

"Dama ina shirin yin haka," in ji shi.

Duk da wannan, littafi yana cika. Gaskiyar da ba a faɗa a majalisa ita ce fiye da rabin sunayen daga bakin Tani suka fito. In za ta rijiya sai ta ce, "Malam, in ka dubi reshen can da idonka mai shaida, za ka ga cilakowa." Haka ya sami bainu, da tsattsewa, da alhudahuda, da zalɓe, da wasu da bai taɓa sanin Allah ya halitta ba. Shi dai nasa ya rubuta, ya je ya ce ya sha wuya kafin ya gano su.

Wata safiya tana zuba masa koko ta ce, "Jiya na je gida. Baba ya tambaye ni mi mijina ka kawowa daga daji, nac ce sunaye. Yac ce tunda suna ba ya shiga tukunya, za shi gwada gwiwatai ko Allah shi sa shi samo mini ɗan nama."

"Uhm," in ji Amiru. Yana ƙirga shafi, ko kalma ɗaya bai ji ba. Tamanin da bakwai.

Zafi ya kai inda ya kai. Iska ta juya. Ran nan aka wayi gari shamuwa ta sauka a tsamiyar masallaci, gari ya ɗauki murna, manoma suka shiga fiddo da iri. Amiru ya rubuta ta: casa'in da tara. Murna ta kama shi, tsoro ya biyo baya, don kowa ya san in shamuwa ta iso ruwa na bisa hanya.

Wakili ya rufe littafin ya ce, "Na ɗarin, sai da shaidu. Ba don ban yarda da kai ba. Don dai na san ka."

Kwana biyar Amiru yana zagaye. Ya je Sabon Birni, ya bi gulbi, ya dawo. Duk abin da ya tashi, yana cikin littafi. Ya rame, malafa ta yi masa yawa. A rana ta shida bayan la'asar gabas ta yi baƙi ƙirin, iska ta fara kawo ƙanshin ƙasa. Ya bi ta fadama kamar zai yi kuka, ya ɗaga madubi wajen tabki.

Can cikin ciyawar bakin ruwa ga wani baƙin abu, da dogon baki lanƙwasasshe, da ja a maƙogwaro, yana tafe a hankali yana sunkuyar da kai yana ɗagawa. Burtu! Tsuntsun da aka yi shekaru ba a gani ba a ƙasar nan.

Yadda ya tuƙa keken nan zuwa gari, ko babur sai haka. Ya faɗo majalisa yana haki. "Ku taso! Yaya, taso! Jabir, aje gam ɗin ga! Ɗari ta cika, ku zo ku ga abin da kakanninku kaɗai sunka gani!"

Mutum ya fi talatin suka bi shi, har da mata masu dawowa daga rijiya, Tani a cikinsu da tulu a kai. Da aka kusa tabki ya sa kowa ya duƙa. Dattawa masu furfura suka yi ta rarrafe a bayansa cikin ciyawa har ya rage bai fi taku goma ba.

Wakili ya leƙa sau ɗaya ya gane abin da yake gani. Duk wanda ya girma a karkara ya san dabarar maharba: su sassaƙa kan burtu na itace, su ɗaura a goshi, su yafa baƙin tsumma, su yi rarrafe har cikin tsuntsaye ba a tsargu da su ba. Ya buɗe baki zai yi magana, Jabir ya matse masa hannu.

"Dakta," in ji Jabir cikin ladabi, "mu jahilai ne. A ɗan yi muna bayani."

Amiru ya gyara madubi. Raɗa ba ta cikin abin da ya koyo a Jos.

"Wanga namiji ne, kuma tsoho tukuf. Ku dubi yadda yaka ja da ƙahwa guda. Ku dubi ƙugu, kamar an cika buhu da ƙaiƙayi."

"Allahu akbar. Mi yaka ci?"

"Ƙwaɗi, da gafiya, da duk ƙazantar da yas samu. Rago ne na ƙarshe, macen ka kiwonai. In iska ta juyo za ku ji warinai, ni tun nan na hwara ji."

"Shina da iyali kuwa?"

"Shina da su. Ɗiyan ma haka suke, ba kyau sai baƙin surutu."

Tani ta sauke tulunta a hankali ta ajiye.

Burtu ya tsaya cak. Ya yi wani nishi irin na mai ciwon gwiwa. Sannan ya dafa ƙasa, ya miƙe tsaye a kan ƙafa biyu, ya yaye baƙin tsumma. Ga baka a hannu, ga kan itace ɗaure a goshi yana lilo, ga farin gemu a ƙarƙashinsa.

Baba Talha ne.

Amiru bai san lokacin da ya tuɓe takalmi ya cire malafa ba. Ya zube, goshi ya kusa taɓa laka. Surukin da ko sunansa ba ya iya faɗa, wanda in ya hango shi a hanya sai ya sake lungu don kunya.

"Ba... Baba, barka da yamma. An wuni lahiya?"

"Lahiya lau," in ji tsohon. "Tun azahar nika rarrahe wurin ga don ɗiyata ta ci nama, wagga mai baƙin surutu. Saura taku biyat in kai ga dinya kaz zo mini da gari guda. Ci gaba da karatu, Malam. Ka tsaya wajen wari."

Dariyar da jama'a suka daɗe suna dannewa ta fashe gaba ɗaya. Ƙarar ta tashi duk abin da ke tabkin. Dinya suka yi sama, balbelu suka bi su. Sai daga bayan ciyawa wasu manyan tsuntsaye biyu suka buɗe fiffike, dogayen wuya, kowanne da tuntu ruwan zinariya a ka, suna wani kuka mai kamar kakaki.

"Gauraka!" mutane suka ɗauka. "Gauraka biyu! Dakta, babu ita cikin littahi! Ɗaga kai!"

Wuyan Amiru ya fara motsi.

"Ina magana kana kallon sama?" in ji Baba Talha, a hankali.

Kai ya koma ƙasa. Yana jin fiffikensu suka wuce ta bisa ƙeyarsa, har iskar ta taɓa shi. Mutum talatin da wani abu suka ga gauraka ran nan. Makaho ne kaɗai bai gani ba, sai Dakta, wanda ya ƙare nazarin yatsun ƙafar surukinsa, guda goma cif.

Kukan bai gama ɓacewa ba ɗigon farko ya faɗo, tas, a kan littafin da ke yashe a ciyawa. Na biyu ya biyo. Sai sama ta buɗe. Tsofaffi suka ɗaga hannu suna hamdala, tawadar biro ta kama gangarowa, casa'in da tara suka zama shuɗin ruwa guda.

Amiru ya ɗago a firgice. "Na ji ta! Wallahi na ji kukanta, kowa ya shaida! Yaya, ɗari ta cika!"

Jabir ya buɗe baki, amma Tani ta riga shi. Ta aza tulunta a ka, ta ce, "Malam, ilimi ba a yin shi da kunne."

Wakili ya miƙe. Ya je ya ɗaga keken babansu daga cikin laka, ya share sirdin da hannun riga, ya gwada ƙararrawa. Tana aiki.

Washegari da rana tsaka majalisar Jabir ta cika har ba wurin zama, wasu da tabarminsu suka zo. Amiru ya fito da kwandon taki a ka, ruwan jiya ya jiƙa shi ya yi nauyi, yana ɗiga ta gefen kunne. Malafar tana gida, kazar Tani ta riga ta yi ƙwai a ciki. Ya wuce sau ɗaya, ya wuce sau biyu, yana gaya wa duk wanda ya gaishe shi cewa a Jos likitoci ne ke ba da shawarar irin wannan motsa jiki.

A zuwa na bakwai, daidai gaban dogon yaro, sai ga kukan nan mai kamar kakaki daga sama.

Wannan karon babu suruki a kusa. Amiru ya ɗaga kai da ƙarfinsa duka.

Da kwandon ya gama juyewa, aka ga mutum tsaye, taki tun daga ƙeya har ƙirji, ido ɗaya kawai ke waje, yana bin tsuntsaye biyu da kallo har suka shige gajimare. Ya tofar da abin da ya shiga bakinsa, ya ɗaga yatsa sama.

"Ɗari," in ji shi.

Wakili ya zo wucewa a kan keke, buhun iri a kariya. Ya kaɗa ƙararrawa sau biyu.

"Mun shaida, Dakta. Kwashe ka kai gona, saura kwando goma sha ɗaya."